Na Dafa Irin Shinkafar Gidanmu, Mahaifiyata Ta Ɗauki Laifin

Edita, ina yi maka sallama, ina kuma roƙon ka ɓoye sunana, ba don ni ba, don tsohuwata da take raye har yanzu. A lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da shida. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo ƙauyenmu da ke wajen Kwalkwalawa da takarda a jaka da girman kai wanda ya fi takardar nauyi. Ni ne na farko da ya yi boko mai zurfi a gidanmu, don haka nake ganin duk abin da iyayena suke yi tsohon yayi ne, kuma ni aka aiko in gyara shi. Gona ba na zuwa. Da safe sai in goge takalmi, in rataya jakar laftof, in hau tsohon mashin ɗin babana in nufi cikin gari, kamar wanda ofis yake jira.

Inda nake zuwa wani bene ne da aka mayar wurin aikin haɗaka, mu muna ce masa hob. Tebura ne dogaye, da sanyin esi, da intanet, da wutar sola wadda ba ta ɗaukewa. Wanda ya san zafin Sakkwato ya san sanyin nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ji ya zama wani abu. Kowa a wurin shugaban kamfani ne, sai dai kamfanin bai taɓa fita daga cikin laftof ba. Ni ma na buga kati da sunana, na rubuta muƙamin da na ba kaina a ƙasa. Ba na zagin wurin, akwai masu aikin gaske a ciki, waɗanda ba ka jin muryarsu. Ni dai ina cikin masu surutu.

Kafin in ci gaba sai na gaya maka abin da ke cikin ɗakin innata. Gidanmu muna da wani irin shinkafa, ja, mai bin ruwa. In gulbi ya cika ya hau fadama, ita ma sai ta ƙara tsawo ta bi shi, kanta yana sama. Babana ya gaje ta wurin babansa, shi ma wurin nasa, har mutanen ƙauye da sunan kakan babana suke kiranta. Da can kowa yana da ita, amma da injin ban ruwa da sabon iri suka shigo sai mutane suka watsar, har ya rage babana kaɗai yake shuka ta, ana yi masa dariya yana yi. Al'adar gidanmu kuma ita ce, namiji ke noma iri amma mace ke tsaronsa. Ranar da kakata ta ji ƙarfinta ya ƙare, ita ta kira innata ta damƙa mata wata tsohuwar randa, ta nuna mata yadda ake zuba toka a rufe baki da faifai a shafe da laka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Shekarar da ta gabaci wannan labari ambaliya ta zo da wuri kuma da ƙarfin da ya fi ƙarfin shinkafar ma, abin da babana ya ware na iri bai kai rabin buhu ba. Sauran ɗan abin da aka samu innata ta riga ta turara shi ta yi gumi, don sana'arta ke nan tun ina goye: ta jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawonta, ta kwana, ta turara a tukunya, ta shanya, a kai inji.

Ana tsakiyar bazara aka sanar da wani taro a hob ɗinmu na ƙarshen mako. Tsarinsa shi ne, ranar Juma'a da yamma duk mai wata dabara ya tashi ya faɗe ta cikin minti ɗaya, a kaɗa ƙuri'a, waɗanda dabararsu ta samu karɓuwa su tara tawaga daga cikin mutanen da ba su ma sani ba, a yi aiki Asabar da Lahadi, ranar Lahadi da la'asar a nuna wa alƙalai abin da aka ƙera. Kamfani guda cikin kwana biyu da rabi. Na tashi na yi magana a kan akwatin busar da shinkafa da zafin rana, don manoma su daina shanya a bakin titi awaki suna ci, motoci suna takawa. Ban taɓa ƙera ko akurkin kaji ba, amma baki Allah ya ba ni. Na bugi ƙirji na ce ni ɗan manomi ne, shinkafa a gidanmu har ta ishe mu. Aka tafa, na ji kaina ya yi girma.

Mutum huɗu suka biyo ni, amma mutum ɗaya ce ta san abin da take yi. Wata yarinya ce Kirista da ta karanta injiniya, mahaifinta malamin makaranta ne daga Filato, ita kuma a Sakkwato aka haife ta, Sakkwatancinta ya fi nawa nauyi. Ita ta zana akwatin: kwanon rufi da aka yi wa baƙin fenti, gilashi a sama, ɗan fanka a gefe mai jan tururi waje. Akwai kuma wani baƙo daga Abuja cikin waɗanda aka gayyato su ja mana gora, mai fara'a da saurin magana. Abin da yake ta nanata mana shi ne kada mu ji tsoron kuskure, a gwada da wuri, a faɗi da wuri, a tashi a sake. Ranar Asabar da safe ya tsaya a teburinmu ya ce alƙalai ba za su kalli zane ba, sai mun zuba shinkafa ta gaske mun nuna ta bushe. Yarinyar ta ƙara da cewa ɗanyar shanshera ake so, ba gumi ba. Duk suka juyo suka kalle ni, mai shinkafar da ta ishe su a gida.

Zan iya cewa ba mu da ita, a je kasuwa a nemo. Kalma ɗaya ce. Amma jiya-jiya na gama cika baki a gaban mutane, sai na ɗauki makullin mashin na ce su ba ni awa ɗaya. Na tarar babana ya raka wasu baƙinsa ziyara Hubbare, ba zai dawo ba sai yamma. Na shiga ɗakin innata na fasa lakar bakin randar da dutse, na juye irin a buhu. Ina ɗaurewa a bayan mashin ta fito daga madafa. Ta tambaye ni mi za ni yi da irin babana, in mayar da shi inda na ishe shi tun wuri. Na ce mata shanya shi kawai za a yi a cikin wani akwati a ɗauki hoto, gobe zan dawo da shi ko ƙwaya ba ta ragu ba, ai baba ma yana shanya shi a rana. Ta ce wagga magana ba ta kwanta mata ba. Na yi mata irin dariyar da ɗan boko yake yi wa uwarsa, na tayar da mashin. Har na kai kwana ina hango ta a madubi tsaye a ƙofar gida da ludayi a hannu.

A raina na yarda da abin da na gaya mata, don ban yi tunanin abu ɗaya ba: ba a nuna busarwa da busasshen abu. Ina sauke buhun yarinyar nan ta kawo babban baho ta ce sai an jiƙa shi, a auna nauyinsa a jiƙe, a sake aunawa bayan ya fito. Ta ɗebi ƙwayoyin a tafin hannu ta duba, ta ce ba ta taɓa ganin shinkafa mai wannan launi da tsawo ba. Sai ta dube ni ta tambaye ni, ta ci ce ko ta shuka? Ta ce in ta shuka ce kada mu taɓa ta. Baƙon Abuja yana tsaye a kanmu, mai ɗaukar hoto ya saita kyamara. Na ce ta ci ce. Wallahi har yau in na tuna yadda maganar ta fita daga bakina ba ko gargada, sai in ji na tsani kaina. Ni da hannuna na buɗe famfo a kanta.

Mai yankan gilashi bai kawo mana gilashin ba sai da rana ta yi sanyi, don haka shinkafar ta kwana a ruwa. Ranar Lahadi da hantsi muka tsane ta muka zuba a akwatin, muka rufe, muka ajiye a kan rufin benen. Fankan ya ƙi tashi. Yarinyar ta ce a buɗe akwatin har ta gyara, in ba haka ba tururi ba shi da hanyar fita. Baƙon ya duba agogo ya ce lokaci ba ya jiranmu, a bar shi ya fara ɗaukar zafi, ta gyara a hankali. Ni ne shugaban tawaga, ni za a ji ta bakina, na goyi bayansa. Kwano baƙi, gilashi a rufe, ranar bazara ta Sakkwato. Kafin azahar gilashin ya yi gumi ba a ganin ciki. Da ta samu fankan ya juya, iskar farko da ya turo ta bugi fuskata. Ƙanshin da na tashi a cikinsa ne, ƙanshin tukunyar innata ranar da take turara shanshera. Mun jiƙa ta kwana, mun turara, yanzu muna shanyawa. Sana'ar uwata muka yi daga farko har ƙarshe, mu biyar da digirinmu, muna kiranta ƙirƙira.

Da la'asar na tsaya gaban alƙalai na yi bayani kamar ba abin da ke damuna. Shinkafa ta bushe ƙarau, sikeli ya nuna, aka tafa. Mu muka zo na biyu. Aka ba mu takardar yabo da riga mai tambari da izinin zama a hob kyauta na ɗan lokaci, aka ɗauke mu hoto ina riƙe da ƙwayoyin a hannu ina washe baki. Kafin magariba na isa gida na shiga ɗakin innata da buhun. Ta sa hannu ta ɗebo, ta kai hanci, ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza. Ta daɗe tana kallona. Sai ta juye a randar, ta zuba toka, ta kwaɓa sabuwar laka ta shafe bakin, har da goge gefen don kada a ga alamar an taɓa.

Kamfaninmu bai kai sati uku ba. Guruf ɗin da muka buɗe a waya ya yi ta ƙara kwana biyu, daga nan sai gaisuwar Juma'a, daga nan shiru. Wannan ya samu aiki, wancan ya koma karatu, baƙon Abuja ya daina ɗaukar waya. Akwatin aka jingine shi bayan ɗakin janareta yana tsatsa. Kowa ya faɗi da wuri ya tashi ya kama gabansa, kamar yadda aka koya mana.

Ruwan shuka ya sauka, babana ya fasa randar da bisimilla ya shuka fadamarsa. Kwana biyar, kwana bakwai, gonakin maƙwabta suka yi kore, tasa tana nan baƙa wuluk. Ya ce tsuntsaye ne. Ya ce ko ruwan ne bai ratsa ba. Kullum da sassafe yana can tsugune yana duba ƙasa. Rana ta goma ya tona ya samu ƙwayoyin sun ruɓe a inda ya sa su, ko ɗaya ba ta tsaga ba. Ya dawo gida ya kakkaɓe ɗan abin da ya rage a gindin randar, ya ɓare ƙwaya ya ɗaga ta a rana, ya ciza. Manomin shinkafa ba a koya masa bambancin ɗanya da gumi. Kuma a gidan nan mutum ɗaya ce take turara shinkafa, ita ce kuma randar take ɗakinta.

Ina tsakar gida lokacin da ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Ya tambaye ta yadda aka yi irin ubansa ya shiga tukunyarta. Ya ce abin da maza uku sunka riƙe, ambaliya ba ta ci shi ba, fari bai ci shi ba, ita ta dafa shi kamar abincin talla. Ya ce uwarsa ta yi kuskuren hannun da ta damƙa wa amana. Innata ta sunkuyar da kai ta ce ƙila ta haɗa buhunan ne ba ta lura ba, ya yi mata haƙuri. Na buɗe baki, ta ɗago ta yi mini wani kallo, na rufe. Daga baya ta same ni ni kaɗai ta ce kada in kuskura. Ta ce fushin miji ita ta san yadda za ta zauna da shi, amma in ya gane ɗansa ne ya yi, kuma don a tafa masa a gaban baƙi, bakin da zai yi mini ba mai ɗauke shi. Ta ce tun ranar da na dawo da buhun ta ji ƙanshin, ta rufe ne tana roƙon Allah ko wasu ƙwayoyin sun tsira.

Edita, gaskiyar da ta fi yi mini ciwo ita ce na karɓi wannan uzuri hannu bibbiyu. Na gaya wa kaina biyayya nake yi wa uwata, alhali tsoro ne kawai. Na zuba ido babana ya ɗauke randar daga ɗakinta ya kai zaure ya kife. Ya daina cin tuwon shinkafa in ita ta tuƙa, sai ya ce ya ƙoshi. Hirar da suke yi bayan la'asar a gindin darbejiya, wadda na taso na same su suna yi, ta mutu. Magana ta fita gari, matan ƙauye suka sa mata suna mai dafa iri, wasu da wasa, wasu da gaske. Masu kawo mata shanshera suka riƙa tsokanarta ta duba da kyau kada ta haɗa da na shuka. Ba a yi wata uku ba ta kife tukunyarta ta bar sana'ar da ta fi shekara ashirin tana yi. Ni kuwa takardar yabona tana manne a bangon ɗakina.

Babana bai haƙura ba. Rani biyu ya yi yana bin ƙauyukan bakin gulbi, daga Dundaye har can ƙasar Kabi, yana tambayar tsofaffi ko wani ya ajiye ko da cikin gwangwani ne. Yakan dawo da ƙulli a aljihu, ya baje a faifai ya duba, ya girgiza kai. Akwai masu kama da ita, amma ba ita ba ce. Ni nake kai shi wasu wuraren a mashin. Yana bayana yana riƙe da kafaɗata, yana gaya mini yadda babansa yake gane ranar shuka, yana cewa ni kaɗai nake tausaya masa a gidan nan. Sau nawa na rage gudu da niyyar in tsaya in faɗa masa, sai in sake murɗa mai.

A cikin wannan lokaci na haɗu da yarinyar nan injiniya a bakin kasuwa, na gaya mata komai, ita kaɗai na taɓa gaya wa. Ta ce ai ta tambaye ni. Sau uku tana maimaitawa, ai ta tambaye ni. Ta ce in tafi gida a ranar in gaya wa tsohona, tun yana da kunnen ji. Na ce to. Ban je na faɗa ba, na kuma daina bin hanyar da zan gamu da ita.

Ciwon da ya kwantar da babana bai yi wata biyu ba. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, ya sa aka tara mu ya nemi gafarar kowa. Innata ta matsa kusa da shi ta durƙusa, ta roƙe shi ya yafe mata maganar iri. Tana kuka tana neman gafarar abin da ba ta yi ba, ni ina zaune a bakin gadon ina riƙe da ƙafarsa. Ya ce ya yafe don Allah. Amma fuskarsa tana bango ya faɗa, bai juyo ya dube ta ba. Sannan ya laluba ya kama hannuna ya sa mini albarka, doguwa, wadda ban taɓa jin ya sa wa wani irinta ba. Washegari ya cika. Albarkar nan ita ce abu mafi nauyi da nake ɗauke da shi, don na san ta wani ce na karɓa, kuma wanda zan mayar wa ya tafi.

Yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ban sake taka benen nan ba. Ban ce wuraren nan ba su da amfani, ban kuma ɗora laifina a kan baƙon Abuja ba, shi abin da ya sani ya faɗa. A cikin laftof in ka yi kuskure sai ka goge ka sake. Abin da ba wanda ya gaya mana, ni kuma da na fito daga gidan noma ya kamata in sani, shi ne akwai abubuwan da sau ɗaya ake kuskure a kansu. Ina kira ga 'yan uwana matasa masu zuwa irin waɗannan taruka: ku gwada da abinku, ku faɗi da abinku. Kada ku ɗauki abin da wani ya shekara yana tsaro ku kai teburin da za a watse ranar Lahadi. In an tambaye ku gaskiyar abu a gaban mutane, ku faɗe ta ko za a yi muku dariya, dariyar ba ta kai Litinin. In kuma kun riga kun yi ɓarna, kada ku bari wanda yake son ku ya ɗauka muku, don zai ɗauka, kuma ba za ku iya karɓa daga baya ba.

Na sha cewa innata ta bar ni in tara dangi in wanke ta. Takan ce wanda take so ya ji ba ya nan, sauran kuma mi za su ƙara mata. Abin da babana ya kakkaɓe a gindin randar ita ta tattara ta ƙulle a tsumma. Duk shekara in ruwan farko ya sauka sai ta kwance, ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta sa a wani fasasshen kasko kusa da wurin wanke-wanke, wai ko akwai wadda ta faɗa lungun akwatin inda zafi bai kai ba. Na san babu, ita ma na san ta sani. Abin da ya rage a tsumman yanzu bai cika tafin hannu ba. Bana ma ta shuka. Yau kwana goma sha biyu, kuma da safen nan na gan ta tsugune tana zuba wa kaskon ruwa.